Jerin Zaɓi ko Shel: Hanyoyi Biyu na Karɓar Mai Kira a BBS

BBS kwamfuta ce da mai ita ke haɗawa da layin tarho ta modem, na'urar da ke aika bayanan kwamfuta ta layin tarho, domin wasu su kira ta daga tasu kwamfutar, su karanta saƙonni, su bar nasu, su ɗauki fayil ko su ajiye. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1990, kafin intanet ta game gari, irin waɗannan kwamfutoci sun kai dubun dubata, akasarinsu a Amurka, kuma mafi yawansu a ɗakin wani mai sha'awa suke, shi ke biyan kuɗin wuta da na tarho. Duk wanda ya kafa BBS sai ya yanke shawara kan abin da mai kira zai tarar idan ya shigo. Ko dai a nuna masa jerin zaɓi ya danna harafi ko lamba, kamar yadda ake yi yau da lambobin USSD na banki, ko kuma a ba shi shel, wato fagen da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, ya sarrafa ta gwargwadon iliminsa. An daɗe ana jayayya a kan wanne ya fi.

Asali

BBS ta farko da ta shahara ita ce CBBS, wadda Ward Christensen da Randy Suess suka buɗe a Shikago ranar 16 ga Fabrairu, 1978. Manhaja ɗaya ce ke tarbar mai kira, umarninta kuma haruffa ne ɗai-ɗai. Ba a daɗe ba wani salon da ake kira RCP/M ya ɓullo a kwamfutoci masu aiki da CP/M, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta ta wancan lokaci. A nan wata 'yar manhaja mai suna BYE ce ke amsa kira, sai ta ajiye mutum a gaban fagen umarnin CP/M ɗin kansa, ya duba abin da ke kan faifai, ya kwashi wanda yake so da XMODEM, wata hanyar tura fayil ta modem. Masu kula da irin waɗannan na'urori sukan cire umarni masu haɗari kamar ERA na goge fayil da REN na sauya masa suna. Ke nan tun farkon lamarin hanyoyin biyu suna tafiya tare, kuma tun a lokacin an gane cewa wanda zai buɗe fagen umarni sai ya fara ɓoye wuƙaƙe.

Shi kansa Suess ya kafa Chinet a 1982, na'ura mai aiki da Unix, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta, wadda jama'a ke iya kira. M-Net ta biyo baya a Ann Arbor ta jihar Michigan, sannan The WELL a Kalifoniya a 1985.

Abin da na'ura ta yarda da shi

Sau da yawa akan ba da labarin wannan jayayya kamar ta ra'ayi ce zalla, alhali na'urar da ke hannun mutum ta riga ta yanke rabin hukuncin. Yawancin BBS na shekarun 1980 da 1990 a kan MS-DOS suke, wato babbar manhajar sarrafa kwamfuta ta Microsoft, da manhajoji irin su RBBS-PC, PCBoard, Wildcat! da WWIV. Shi kuwa DOS bai san wane ne wane ba. Ba shi da tsarin izini, ba ya bambanta fayil ɗin mai gida da na baƙo. Wanda duk ya kai ga fagen umarninsa, wuƙa da nama sun koma hannunsa, yana iya share faifan gaba ɗaya da layi guda. Saboda haka sauka zuwa DOS daga nesa haƙƙin mai kula da BBS ne kaɗai, ko wani amininsa.

Unix dabam yake. Tun asali an gina shi ne domin mutane da yawa su yi aiki lokaci guda, kowa da sunansa, da kalmar sirrinsa, da kusurwarsa ta ajiya. Ba wa baƙo shel a nan abu ne mai yiwuwa, ko da yake ba a ce babu haɗari ba.

Hujjar masu jerin zaɓi

Babbar hujjarsu ita ce jama'a. Malamin makaranta ko ɗan fansho da ya sayi modem ba ya buƙatar haddace umarnin Unix kafin ya karanta saƙo. Cleveland Free-Net, wadda Tom Grundner ya buɗe a 1986 a Jami'ar Case Western Reserve, ta tsara zaɓuɓɓukanta da siffar gari: ga gidan waya, ga ɗakin karatu, ga asibiti, ga dandalin jama'a. Mutum lamba kawai yake dannawa ya shiga inda ya nufa. Garuruwa da dama a Amurka da Kanada sun kwaikwayi wannan tsari.

Hujja ta biyu ita ce layi. BBS mai layi ɗaya mutum ɗaya take ɗauka, sauran sai su yi ta jin layi a kame. Jerin zaɓi yana ba mai kula damar ƙayyade wa kowa mintocinsa na rana, da yawan fayil ɗin da zai ɗauka gwargwadon wanda ya kawo. Sai dai shi ma jerin yana cin lokaci. Modem mai gudun 300 haruffa talatin yake turawa a daƙiƙa, don haka cikakken allo mai layi 24 da haruffa 80 yakan haura minti ɗaya kafin ya gama bayyana. Wannan ne ya sa kusan kowace manhajar BBS ke da yanayin ƙwararru, inda ake ɓoye jerin a bar mutum ya rubuta haruffan da ya riga ya sani, wani lokaci ya jero su a layi ɗaya. Tsohon hannu a BBS mai jerin zaɓi, idan aka lura, ya riga ya kama hanyar fagen umarni.

Hujjar masu shel

Masu shel suna ganin jerin zaɓi bai wuce tunanin wanda ya rubuta shi ba. Abin da bai hango ba, ba za a iya yin sa ba. Da shel kuwa mutum zai rubuta manhajarsa, ya tace wasiƙunsa yadda yake so, ya karanta Usenet, zaurukan tattaunawa da kwamfutoci ke yaɗawa a tsakaninsu, da manhajar da ta kwanta masa, ya haɗa ƙananan umarni su yi masa aikin da babu wanda ya tanada. Ga matasa da yawa da ba su da gurbi a jami'a, irin waɗannan na'urori ne makarantarsu ta Unix da C, harshen rubuta manhaja. Lokacin da aka fara sayar wa ɗaiɗaikun mutane damar shiga intanet, shel ɗin ne hajar: The World a Massachusetts da Panix a New York, dukansu a 1989, da shi suka fara.

Kuɗin wannan 'yanci mai kula ne ke biya. A tsofaffin Unix kowa na iya karanta fayil ɗin da ke riƙe da kalmomin sirri a rufe, kuma manhaja irin Crack, wadda Alec Muffett ya fitar a 1991, tana gwada dubban kalmomi har ta dace da masu rauni. Mutum ɗaya zai iya cika faifai, ko ya saki manhajar da ke haifar kanta ba iyaka har na'ura ta tsaya cik. Mafi muni, idan na'urar tana haɗe da intanet, ana iya fakewa da ita a kai hari wani wuri, ƙorafin kuma ya dawo kan mai ita.

Ƙofofin baya

Wurin da lamarin ya fi rikitarwa shi ne jerin zaɓin da aka ɗora a kan Unix. Jerin kan kira manhajojin da aka saba da su domin rubuta wasiƙa ko karanta fayil, su kuwa waɗannan an rubuta su ne domin amintattun mutane. Editan vi yana buɗe shel idan aka rubuta :sh, manhajar more tana gudanar da umarni bayan alamar !, manhajar mail ma tana da ~! mai irin wannan aiki. Kowace ɗaya kafa ce ta zillewa daga jerin. Masu kula sun yi ta toshe su ɗaya bayan ɗaya, suna amfani da ƙuntataccen shel ko chroot mai killace mutum a wani yanki na faifai. Katangar da aka yi da jerin zaɓi kaɗai ba ta cika tsare wanda ya san inda zai dafa ba, kuma ta fi buɗaɗɗen shel ruɗar mai ita, tun da yana barci da zaton ya kulle.

A ɓangaren DOS an samu mafita ta daban, wadda ake kira ƙofa. BBS takan rubuta bayanin mai kira da sauran mintocinsa a ƙaramin fayil kamar DOOR.SYS, ta miƙa shi ga wata manhaja ta waje, idan ya gama ta karɓe shi. Wasanni irin su TradeWars 2002 ta nan suka shigo.

Tsaka-tsaki

Wuraren da suka yi ƙarko yawanci sun haɗa biyun ne. The WELL da M-Net sun yi amfani da PicoSpan na Marcus Watts domin tattaunawa, amma daga cikinsa ana iya aika umarnin Unix. Grex, wadda aka kafa a Ann Arbor a 1991, a zamaninta tana barin sabon shiga ya buɗe asusu nan take ya zaɓi abin da zai riƙa tarar da shi, jerin zaɓi ko shel, sai dai fita zuwa wasu sassan intanet an keɓe shi ga waɗanda aka tantance. SDF, wadda ta soma a matsayin BBS a kan Apple IIe a 1987 kafin ta koma Unix, ita ma mataki-mataki take sakar wa mutum mara.

Zuwan SLIP da PPP, hanyoyin haɗa kwamfuta da intanet kai tsaye ta layin tarho, ya rage wa gardamar kaifi, domin kwamfutar mutum ta gida ta shiga intanet da kanta. An ma rubuta manhajoji kamar SLiRP da ke mayar da asusun shel mai araha ya zama irin wannan haɗi. Cleveland Free-Net ta rufe a 1999. Duk da haka salon bai mutu ba: PTT ta Taiwan, wadda aka kafa a 1995, har yanzu da jerin zaɓi na rubutu take aiki kuma tana da ɗimbin mabiya, yayin da tilde.club, wadda Paul Ford ya buɗe a 2014, ta farfaɗo da al'adar raba shel ga baƙi a kan na'ura ɗaya.