Waiwaye: Yadda Ciyawar Ingila Ta Isa Hamadar Amurka

Daga farkon 2027, doka ta hana shayar da ciyawar ado da ruwan Kogin Kolorado a birnin Las Vegas da kewayensa, irin wadda ake shimfiɗawa a tsakiyar titi da gaban ofisoshi, ba mai taka ta sai mai yankan ta. Jihar Nebada, inda birnin yake, ta kafa dokar tun 2021, Kalifoniya ta bi sahu da makamanciyarta a 2023. Masu goyon baya na cewa fari ne ya tilasta, masu suka na ganin za a ƙwace wa unguwanni sanyi da kyan gani. Duka ɓangarorin suna magana kamar jiya matsalar ta faɗo daga sama.

Can da, amfanin ciyawa da ƙasar da ke manne da saiwarta shi ne gini. Wajen shekara ta 142, sojojin Rum sun yanka ta kamar tubali suka ɗaga ganuwar Antonine a Sikotilan, mai tsawon kusan kilomita 60. Manoman da suka kwarara jihar Nebraska ta Amurka bayan 1862 da ita suka gina ɗakuna, don babu itace. Attajiran Ingila ne suka mayar da ita ado a ƙarni na 18, ma'aikata na bin ta da dogon lauje, har Edwin Budding ya ƙera injin yankan ta a 1830, mai matsakaicin hali ma ya samu shiga.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne famfo da tiyo. A Ingila sama ce ke ban-ruwa, yayyafi kusan kowane wata, saboda haka ciyawar ba ta cin kowa komai sai wahalar yanka. A yawancin Amurka kuwa rani na ƙona ta. Muddin da guga ake jan ruwa, ba mai hankalin da zai ɗebo daga rijiya ya zuba wa abin da ba ci za a yi ba, ba kuma dabba za a ba. Wahalar ɗiba ita ce birkin. A ƙarshen ƙarni na 19 birane suka ja bututu har cikin gidaje, tiyon roba ya yi araha, aka ƙirƙiro na'urar fesa ruwa mai juyawa da kanta. Daga nan mutum ya daina jin nauyin ruwan a kafaɗarsa. A wurare da yawa bai ji shi a aljihu ba ma, domin kuɗin ruwa ƙayyadadde ne, ka sha kaɗan ko ka kwana kana fesawa. Wasu biranen Kalifoniya sun shigo ƙarni na 21 gidaje da dama ba su da mitar ruwa. A ganina nan ne igiyar ta tsinke tsakanin ciyawa da ruwan sama, aka fara shuka ta inda ƙasa ba ta taɓa yarda da ita ba.

Sauran duk biyo baya ne. An kammala madatsar Hoover a kan Kogin Kolorado a 1936, bayan Yaƙin Duniya na Biyu sababbin unguwanni suka bazu, da yawansu da sharaɗin kowa ya kula da koren filin ƙofar gidansa. Las Vegas, da ruwan samanta na shekara bai wuce kimanin milimita 100 ba, ko rubu'in na Kano bai kai ba, ta yi kore shar.

A Yulin 2022 Tafkin Mead na bayan madatsar Hoover, inda birnin ke samun kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa, ya sauka zuwa kashi 27 na cikarsa. Tun 1999 hukumar ruwan yankin ke biyan mazauna kuɗi su tumɓuke ciyawar su dasa tsirran hamada a gurbinta.