Waiwaye: Yadda tsohon layin dogo ya koma hanyar tattaki a jihar Missouri

Mazaunin garin St. Charles, da ke daf da birnin St. Louis a jihar Missouri ta Amurka, yana iya fitowa daga tsohuwar unguwar kasuwa ya gangara bakin kogi, nan take ya tsinci kansa a kan wata hanya ta niƙaƙƙen dutse wadda babu mota a kanta, kuma idan ƙafarsa za ta iya, hanyar ba za ta ƙare ba sai ya kai garin Clinton a yammacin jihar. Wannan ita ce Katy Trail, mai tsawon mil 240, wato kimanin kilomita 386, wadda hukuma ta ba ta matsayin gandun shaƙatawa na jiha duk da cewa a yawancin wurare siririn tsiri ne kawai. Har zuwa shekarar 1986 jiragen ƙasa na kamfanin Missouri-Kansas-Texas, wanda ake wa laƙabi da Katy, ne ke bin ta.

Labarin ya faro ne daga durƙushewar sufurin jirgin ƙasa. A shekarar 1916 layukan dogo na Amurka sun kai kusan mil 254,000, kuma daga nan suka yi ta raguwa yayin da motoci da manyan tituna suka janye fasinja da kaya. Bayan dokar Staggers ta 1980, wadda ta sassauta wa kamfanoni ƙa'idoji, sai rufe layukan da ba sa kawo riba ya ƙara sauƙi, aka riƙa cire ƙarafa da katakai ana barin filin ga ciyawa. Tun kafin haka wasu sun hango amfanin waɗannan filaye. A 1963 wata masaniyar tsirrai mai suna May Theilgaard Watts ta rubuta wa jaridar Chicago Tribune wasiƙa tana neman a mayar da wani layin da aka rufe a wajen birnin Chicago hanyar masu tafiya a ƙasa, kuma daga wannan kira aka samu Illinois Prairie Path. Jihar Wisconsin ma ta buɗe hanyar Elroy zuwa Sparta a shekarun 1960, har da ramuka uku na cikin dutse da jirgi ke ratsawa a da.

Babban cikas shi ne mallakar ƙasa, kuma a nan ne tarihin ya fi sarƙaƙiya. Kamfanonin jirgin ƙasa ba su sayi duk filin da suka shimfiɗa layi a kai ba. A wurare da dama izinin wucewa kawai suka samu daga masu gonaki, bisa sharaɗin cewa ranar da jirgi ya daina bi, ƙasa ta koma ga mai ita ko magadansa. Da zarar an ayyana layi a matsayin wanda aka yi watsi da shi, sai tsirin da ke haɗe tun daga wannan gari zuwa wancan ya wargaje gida ɗari, wannan ya kafa shinge, wancan ya haɗe da gonarsa, kuma sake tattara shi abu ne da kusan ba ya yiwuwa. Don hana wannan ne Majalisar Dokokin Amurka ta yi wa dokar hanyoyin tattaki ta ƙasa gyara a 1983. Gyaran ya ce idan wata hukuma ko ƙungiya ta yarda ta ɗauki nauyin kula da layin, to a idon doka ba a yi watsi da shi ba, an dai ajiye shi ne ko da wata rana za a buƙaci mayar da jirgi, kuma kafin wannan rana jama'a na iya tafiya a kai.

A watan Oktoba na 1986 ambaliyar kogin Missouri ta lalata layin Katy, kamfanin kuma ya ga gyaran ba zai biya ba, ya karkatar da jiragensa. Ma'aikatar albarkatun ƙasa ta jihar ta yi amfani da sabuwar dokar ta karɓi layin daga Machens, inda hanyar ta ƙare ta gabas, zuwa garin Sedalia, da taimakon wani attajiri, Edward Jones da aka fi sani da Ted, shi da matarsa Pat, waɗanda suka ba da dala miliyan 2.2. Aka buɗe sashen farko a Rocheport a 1990, shekara ta gaba kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific ya ba da kyautar mil 33 daga Sedalia zuwa Clinton. Babbar ambaliyar 1993 ta share wani dogon sashe na aikin, abin da ya jinkirta shi, har sai 1996 aka haɗa St. Charles da Sedalia, sannan a 1999 aka kai Clinton.

Manoman da ke gefen layin ba su yi shiru ba, kuma ba daidai ba ne a ɗauke su a matsayin masu adawa da ci gaba. Mutumin da kakansa ya ba da izinin jirgi ya ratsa gonarsa bai ba da izinin baƙi su riƙa wucewa ta bayan gidansa safe da yamma ba. Sun kai ƙara, kamar yadda wasu suka kai a sauran jihohi. A 1990, a shari'ar iyalan Preseault na jihar Vermont, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar 1983 ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, amma ta bar ƙofa a buɗe ga masu ƙasa su nemi diyya daga gwamnatin tarayya. A 1996 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa lallai an karɓe wa iyalan dukiyarsu, sai a biya su. Tun daga nan gwamnati take biyan diyya a ƙararraki irin wannan, har da na Missouri. A ganina wannan shi ne mafi kusa da adalci: hanya ta zauna a haɗe don amfanin kowa, amma kada a ɗora kuɗinta a wuyan mutum ɗaya don kawai gonarsa ce ke gefe.

Abin da ya sa mutanen birni suka rungumi irin waɗannan hanyoyi yana cikin yadda aka gina layin tun farko. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsauri, don haka injiniyoyi suka fasa duwatsu, suka cike kwaruruka, suka gina gadoji, har layin ya zama shimfiɗaɗɗe. Tsoho, da mai tura keken jariri, da mai keken guragu duk suna iya binsa. Ban da haka, layin dogo ta tsakiyar gari yake bi, domin tasha ce cibiyar kasuwanci a da, shi ya sa ba sai mutum ya yi doguwar tafiya a mota kafin ya fara tattaki ba. Garin Columbia ya mayar da wani reshen layin mai kimanin mil 9 hanyar da ke haɗa tsakiyar gari da Katy, babban birnin jihar kuwa, Jefferson City, ya samu hanyar masu ƙafa da keke a jikin gadar kogin Missouri a 2011. Tsofaffin tashoshin Sedalia da Boonville an gyara su suna karɓar baƙi, kuma ƙananan garuruwa da suka yi sanyi bayan tafiyar jirgi sun samu masaukai da shagunan gyaran keke.

Birnin Kansas City ne ya daɗe ba a haɗa shi da wannan hanya ba. A ƙarshen 2016 aka buɗe kimanin mil 47 a kan tsohon layin dogo na kamfanin Rock Island daga garin Windsor, inda ya haɗu da Katy, zuwa Pleasant Hill, abin da ya kawo hanyar kusa da gefen birnin. A 2021 jihar ta karɓi ƙarin mil 144 na wannan layi ta ɓangaren gabas, bisa dokar 1983 ɗin dai, sai dai 'yan majalisar jihar sun ƙi amincewa da kuɗin ginin da gwamna ya nema a shekarar da ta biyo baya, wasunsu suna kafa hujja da koken masu gonaki. Saboda haka wasu garuruwan da ke kan layin suka shiga neman tallafi da kansu suna gina ɗan sashen da ya ratsa cikinsu.