Waiwaye: Kujerar da Virgil Wind ya gada a Mille Lacs

A watan Yulin 2024 aka rantsar da Virgil Wind a matsayin shugaban al'ummar Ojibwe ta Mille Lacs, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasa, a jihar Minnesota ta Amurka. Ya karɓi ragama daga hannun Melanie Benjamin, wadda ta fara hawa kujerar a 2000, aka sauke ta a 2008, ta dawo a 2012, daga ƙarshe ta ce ba za ta sake tsayawa takara ba. Jama'ar tasa kusan 5,000 ne kawai, amma suna da majalisarsu da kotunsu da 'yan sandansu da makarantunsu. Duk wanda ya hau wannan kujera yana tarar da tsofaffin rigingimu suna jiransa, wasunsu sun girmi kakanninsa.

A 1837 shugabannin Ojibwe suka sa hannu a yarjejeniyar da ta ba gwamnatin Amurka ƙasa mai faɗin gaske, bisa sharaɗin za su ci gaba da farauta da su da girbin shinkafar ruwa a cikinta. Yarjejeniyar 1855 ta keɓe wa mutanen Mille Lacs eka kusan 61,000 a kudancin tafkin Mille Lacs. Ba a yi shekara goma ba aka fara neman kwashe su. Yarjejeniyoyin 1863 da 1864 sun ce ba za a tilasta musu tashi ba muddin ba su taɓa Turawa ba, sakayya ce ta ƙin shigarsu rikicin da wasu 'yan asalin ƙasar suka yi da Turawa a 1862. Masu yankan katako da 'yan ci-rani ba su damu da wannan alkawari ba. Da yawa sun gaji sun koma White Earth, wani yankin da aka keɓe wa Ojibwe, wasu kuwa suka kafe. Har yau jikokin waɗanda suka kafe ɗin na kiran kansu "waɗanda ba a tayarwa".

Tsarin mulkin da suke kai ma daga Washington aka fara tsara shi. Bayan dokar sake fasalin ƙabilu ta 1934, an haɗa al'ummomi shida a ƙarƙashin kundin tsarin mulki ɗaya a 1936: Bois Forte, Fond du Lac, Grand Portage, Leech Lake, Mille Lacs da White Earth. Red Lake ta ƙi shiga. Daga baya aka ɗora wa kowace al'umma wani ɗan kwamiti mai mutum biyar wanda shi ne wuƙa shi ne nama. Mille Lacs ta kauce wa wannan a farkon shekarun 1980, zamanin Arthur Gahbow, inda ta raba iko gida uku: shugaba mai zartarwa, majalisa mai wakilan gundumomi uku da sakataren baitulmali a matsayin kakaki, sai kotu. Wind kansa daga wannan majalisa ya fito, yana wakiltar gunduma ta ɗaya, don haka ya san yadda ake ja-in-ja da ofishin da yanzu yake ciki.

Kuɗi sun shigo ne a zamanin Marge Anderson, mace ta farko da ta shugabanci al'ummar. An buɗe gidajen caca biyu, Grand Casino na Mille Lacs a 1991 da na Hinckley a 1992. Mai karatu zai iya ɗaga gira, amma da wannan riba aka gina asibitoci da makarantu da gidaje, da ita kuma aka iya ɗaukar lauyoyi. A 1999 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, ta tabbatar cewa haƙƙin su da farauta na 1837 yana nan daram. Rigimar iyakar ƙasar da aka keɓe musu a 1855 kuwa ba ta kwanta ba. A 2016 ƙaramar hukumar Mille Lacs ta janye daga yarjejeniyar aiki da 'yan sandan al'ummar, aka tafi kotu, a 2022 alƙaliya Susan Richard Nelson ta ce iyakar 1855 ba ta taɓa rushewa ba, ƙaramar hukumar ta ɗaukaka ƙara.

Sabon abin da Wind ya tarar shi ne ma'adinai. Kamfanin Talon Metals na son haƙar nikel a Tamarack, kusa da gundumarsu ta biyu, ya ma ƙulla ciniki da kamfanin motocin lantarki na Tesla a 2022. Tsoron jama'a shi ne gurɓatar ruwan da manoomin, wato shinkafar da suke ɗauka abinci mai tsarki, ke tsirowa. Sai kuma harshe: dattawan da suka sha Ojibwe a nono suna ta ƙarewa, abin da ya sa aka haɗa kai da Rosetta Stone, kamfanin manhajar koyar da harsuna, don shirya darussa.

A ganina, duk waɗannan ba su kai batun jini nauyi ba. Tun farkon shekarun 1960 kundin al'ummomin shida ya ce ba a yi wa yaro rajista sai yana da aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na jininsu. Lissafin ya dogara da tsofaffin takardun jami'an gwamnati, kuma duk auren da aka yi da bare yana rage kason ɗan da za a haifa. Sai ka ga kaka 'yar ƙasa ce cikakkiya, jikanta da ya tashi a ɗakinta, yake bin ta girbin shinkafa a kwale-kwale, ba shi da suna a rajista. Masu goyon bayan dokar ma suna da hujjarsu, domin in an buɗe ƙofa, gidaje da kuɗin rabo za su ƙaranta. White Earth ta kaɗa ƙuri'ar sabon kundi mai bin zuriya a 2013, ba a aiwatar ba. A 2022 aka tambayi 'yan al'ummomin shida a ƙuri'ar jin ra'ayi, mafi rinjaye suka ce a cire sharaɗin. Ƙuri'ar ba ta da ƙarfin doka. Kafin a sauya ko layi ɗaya na kundin, sai shugabannin al'ummomin shida, har da Wind, sun daidaita kan abin da za a rubuta, sannan Ma'aikatar Cikin Gida ta Amurka ta kira zaɓen ta kuma amince da sakamakonsa.