Rikicin Makamai Masu Linzami na Kyuba (1962)

Rikicin makamai masu linzami na Kyuba tirka-tirka ce ta siyasa da soja da ta ɓarke tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet a watan Oktoban 1962, bayan jirgin leƙen asirin Amurka ya ɗauko hotunan sansanonin makaman nukiliya da Sobiyet ke ginawa a tsibirin Kyuba, kimanin kilomita 150 daga gaɓar jihar Florida. Kwana 13 aka saba ƙirgawa, daga 16 zuwa 28 ga Oktoba, ko da yake jiragen ruwan yaƙin Amurka ba su janye ba sai 20 ga Nuwamba. A duk tsawon Yaƙin Cacar Baka tsakanin ɓangaren jari-hujja da na gurguzu, ba a taɓa kusantar yaƙin nukiliya kamar a wannan lokaci ba. Shugabannin biyu, John F. Kennedy da Nikita Khrushchev, babu mai son yaƙin. Haɗarin ya fi fitowa ne daga jinkirin saƙonni da kuma matakan da ƙananan kwamandoji suka riƙa ɗauka a fage ba da sanin manya ba.

Asalin rikicin

Fidel Castro ya karɓi mulkin Kyuba a watan Janairun 1959, ya mayar da kamfanonin Amurkawa hannun gwamnati, ya kuma karkata ga Mosko. A watan Afrilun 1961 hukumar CIA ta sauke ’yan gudun hijirar Kyuba kimanin 1,400 a gaɓar Playa Girón don su kifar da shi, aka murƙushe su cikin kwana uku. Tun daga nan Habana da Mosko suka sakankance cewa wani farmakin na nan tafe, kuma da sojan Amurka ne kai tsaye.

Dalili na biyu shi ne ratar makamai. A 1962 Amurka na da kawunan nukiliya sama da 20,000, na Sobiyet kuwa ba su kai 4,000 ba, kuma makamanta da ke iya kaiwa Amurka daga gida ’yan kaɗan ne. Ga kuma makaman Jupiter na Amurka, 30 a Italiya, 15 a Turkiyya, a bakin ƙofar Sobiyet. Masu matsakaicin zango kuwa Sobiyet na da su birjik. Lissafin Khrushchev shi ne, in aka kai su Kyuba, sai su yi aikin masu dogon zango a araha, su kuma kare Castro.

Yadda aka kai makaman

An sa wa shirin suna Anadyr, sunan wani kogi a can ƙuryar Saberiya, don a ɓatar da sawu. Har kayan sanyi aka loda wa wasu rundunoni domin a zaci arewa za su. Kyaftin-kyaftin ɗin jiragen ruwa ba su san inda suka nufa ba sai da suka buɗe ambulan a tsakiyar teku. Sojoji sun yi makonni a cunkushe a cikin jirgi cikin zafi, sai da dare ake barin su fitowa shan iska, kuma da fararen kaya suka sauka kamar ma’aikatan gona. Haka aka kai mutum sama da 40,000 ƙarƙashin Janar Issa Pliyev, alhali Amurka na kiyasin kusan 10,000 ne.

Tsarin ya tanadi makamai iri biyu: R-12 guda 36, mai zangon kusan kilomita 2,000, wanda zai iya kaiwa Washington, da R-14 guda 24, mai ninkin wannan zango. Kan nukiliyar R-12 ɗaya ya fi bam ɗin Hiroshima ƙarfi sau 60 da wani abu. R-14 ba su iso ba har rikicin ya ɓarke. Ban da waɗannan akwai jiragen yaƙi samfurin Il-28, da makaman kakkaɓo jirage na S-75, da kuma ƙananan kawunan nukiliya kusan 100 na amfani a fagen daga, waɗanda Amurka ba ta san da su ba sam.

Inda shirin ya gaza shi ne wajen ɓoyewa a ƙasa. Marshal Sergei Biryuzov, wanda ya je duba wurin, ya ba da tabbacin cewa itatuwan kwakwar Kyuba za su rufe makaman. R-12 kuwa tsawonsa ya haura mita 20, yana buƙatar tirela, da motocin mai, da tantuna, da dandamalin siminti, ga sabbin hanyoyi da aka share cikin daji. Duk wannan a fili yake ga mai kallo daga sama.

Ganowa da zaɓin Kennedy

Kusan mako biyar jiragen leƙen asirin Amurka samfurin U-2 ba su ratsa yammacin Kyuba ba, saboda gizagizai da kuma tsoron kada a harbo su. Ranar Lahadi 14 ga Oktoba Manjo Richard Heyser ya bi ta kan San Cristóbal ya ɗauko hotuna. Washegari masu nazarin hoto suka auna tsawon abin da ke kan tireloli, suka gwada da hotunan faretin Mosko da kuma takardun da Kanar Oleg Penkovsky, jami’in Sobiyet mai yi wa Yamma leƙen asiri, ya riga ya miƙa, suka tabbatar R-12 ne. Safiyar Talata 16 ga wata McGeorge Bundy, mai ba shugaban shawara kan tsaron ƙasa, ya sanar da Kennedy.

Shugaban ya tara wani ƙaramin kwamiti da ake kira ExComm, cikinsa har da sakataren tsaro Robert McNamara, da na harkokin waje Dean Rusk, da ƙanensa Robert Kennedy, suka yi kusan mako suna muhawara a asirce. Hafsoshin soja sun nace a kan luguden wuta ta sama, sannan mamaya. Abin da ya karya wannan ra’ayi shi ne, kwamandan da zai jagoranci harin, Janar Walter Sweeney, ya ce ba zai iya ba da tabbacin lalata fiye da kashi 90 cikin 100 na makaman ba. Ragowar ta isa ta shafe birane. Sai aka zaɓi tare hanyar teku. A dokar ƙasa da ƙasa, yi wa ƙasa ƙawanya ta ruwa tamkar shelar yaƙi ce, don haka aka kira matakin “killacewa”, aka taƙaita shi ga makaman kai hari, aka kuma nemi amincewar Ƙungiyar Ƙasashen Nahiyar Amurka, wadda ta bayar ranar 23 ga wata. Kennedy ya bayyana wa duniya al’amarin ta talabijin da yammacin Litinin 22 ga Oktoba.

A teku da zauren Majalisa

Killacewar ta fara aiki ƙarfe 10 na safiyar 24 ga Oktoba. Da farko an yi niyyar ja layin a mil 800 daga Kyuba, sai jakadan Birtaniya David Ormsby-Gore ya ba da shawarar a matso da shi zuwa 500 don Mosko ta sami lokacin tunani. Jiragen da ke ɗauke da makamai suka juya. An bar tankar mai Bucharest ta wuce, kuma jirgin farko da aka hau aka bincika, Marucla, da gangan aka zaɓe shi, don yana ɗauke da tutar Labanan ne, Sobiyet haya kawai ta yi. A ranar 24 ɗin aka ɗaga shirin rundunar nukiliyar Amurka ta sama zuwa matakin DEFCON 2, wanda daga shi sai yaƙi.

Ƙasashen Afirka ta Yamma sun taka rawa a nan. Jirgin sama daga Sobiyet zuwa Kyuba na buƙatar wurin shan mai, sai Senegal ta hana Dakar, Gini ta Sékou Touré ma, duk da kusancinta da Mosko, ta hana Konakiri. A Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma Gana da Masar suka gabatar da daftarin da ke neman muƙaddashin babban sakatare U Thant ya shiga tsakani. Roƙon da U Thant ya yi cewa jiragen Sobiyet su dakata nesa da layin ya ba Khrushchev hanyar ja da baya ba tare da ya zama ya bi umarnin Amurka ba.

Wasiƙu masu tafiyar hawainiya

Babu wata hanya kai tsaye tsakanin fadojin biyu. Wasiƙar Khrushchev sai an kai ta ofishin jakadancin Amurka a Mosko, a fassara, a mayar da ita rubutun sirri, a buga ta wayar tangaraho, a warware ta a Washington. Doguwar wasiƙarsa ta Juma’a 26 ga Oktoba ta ɗauki kusan awa 12, kuma gutsure-gutsure ta riƙa isowa. A cikinta ya kwatanta rikicin da igiya mai ƙulli wadda in kowa ya ci gaba da ja, sai dai a yanke, ya kuma nuna zai kwashe makaman in Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kyuba ba. A ɗaya ɓangaren, jakadan Sobiyet Anatoly Dobrynin ya ba da labarin cewa saƙonninsa na sirri wani ɗan aiken kamfanin Western Union ne ke zuwa a kan keke ya karɓa.

Wannan jinkiri ne ya sa Khrushchev ya koma aika saƙo ta Rediyon Mosko. Safiyar Asabar aka karanta wasiƙa ta biyu a rediyo, da sabon sharaɗi: a kwashe Jupiter daga Turkiyya. Da yake ta iso dab da ta farko, wasu a Washington suka zaci an ƙwace iko daga hannunsa. Kuma tun da an faɗe ta a bainar jama’a, karɓarta a fili zai zama kamar Amurka ta sayar da ƙawarta ta NATO.

Asabar 27 ga Oktoba

Abubuwa uku suka faru a rana ɗaya, kuma babu wanda shugabannin suka umarta. A gabashin Kyuba, kusa da Banes, jami’an Sobiyet da ke wurin suka ba da umarnin harbo wani U-2, Manjo Rudolf Anderson ya mutu. ExComm ta riga ta tsayar cewa in haka ta faru za a rama a kan sansanin da ya yi harbin, Kennedy ya hana. A arewa kuma wani U-2 da ya tashi daga Alaska don ɗebo samfurin iska ya ɓace hanya, domin matuƙinsa Charles Maultsby da taurari yake lissafi, hasken da ke bayyana a sararin samaniyar can arewa kuwa ya rikita shi. Ya kutsa sararin yankin Chukotka na Sobiyet, jiragen yaƙinta na MiG suka tashi farautarsa, jiragen Amurka da suka tashi tarbarsa kuma makaman nukiliya ne a jikinsu.

Na uku ya fi muni. Jiragen ƙarƙashin teku huɗu na Sobiyet, masu aiki da dizal da batir, kowanne na ɗauke da makamin nukiliya ɗaya na harbin jiragen ruwa. An ƙera su ne don ruwan sanyi, zafin cikinsu ya kai ma’aikata na suma. Amurka ta sanar da Mosko cewa za ta riƙa jefa ƙananan bama-baman atisaye a matsayin alamar “ku fito”, amma sanarwar ba ta kai ga jiragen ba. Jirgin B-59 ya yi kwanaki bai ji daga gida ba, batirinsa ya kusa ƙarewa, ga fashe-fashe ta ko’ina. Bisa shaidar waɗanda ke ciki, kyaftin Valentin Savitsky ya zaci an fara yaƙi, ya nemi a shirya makamin, babban jami’in ayarin Vasili Arkhipov ya kwantar da shi, jirgin ya taso ba a yi harbi ba.

Sasantawa

Da daren nan Kennedy ya amsa wasiƙar Juma’a a rubuce, ya yi alkawarin ba za a mamaye Kyuba ba in aka kwashe makaman bisa sa idon Majalisar Ɗinkin Duniya. Batun Turkiyya kuwa Robert Kennedy ne ya kai wa Dobrynin baki da baki a ma’aikatar shari’a: za a cire Jupiter cikin wata huɗu zuwa biyar, muddin ba a rubuta ba, ba a kuma faɗa wa kowa ba. Lahadi 28 ga Oktoba Khrushchev ya amince, ta rediyo kuma, don kada amsar ta makara. Wasiƙar da Castro ya aiko masa, mai cewa in an mamaye Kyuba to Sobiyet ta riga kai harin nukiliya, ta ƙara masa gaggawa.

Castro bai ji labarin yarjejeniyar daga Mosko ba sai da aka sanar, ya fusata, ya ƙi yarda masu bincike su taka ƙasarsa ko da U Thant ya je Habana da kansa. Mafitar da aka samu ita ce ƙirga a teku: jiragen Sobiyet suka riƙa yaye tamfol, Amurkawa na ɗaukar hoto, har aka gama ƙirga makaman. Wakilin Khrushchev, Anastas Mikoyan, ya yi kusan mako uku a Habana yana lallashi kafin a yarda da mayar da jiragen Il-28, shi ne kuma ya ƙi bar wa Kyuba ƙananan kawunan nukiliyar. An cire Jupiter a watan Afrilun 1963.

Ɓoye rabin cinikin ya yi tasiri mai nisa. Duniya ta ɗauka Sobiyet ta ja da baya ne hannu rabbana, Sin ta yi mata gori, kuma wannan na cikin laifuffukan da aka ɗora wa Khrushchev da aka tuɓe shi a watan Oktoban 1964. Magadansa suka duƙufa ƙera makamai masu dogon zango har suka kamo Amurka. A Amurka kuma an daɗe ana koyar da cewa taurin kai kaɗai ya kawo nasara. Sai a 1989 Theodore Sorensen, na hannun daman Kennedy, ya tabbatar da cinikin Jupiter a fili, a 1992 kuma Janar Anatoly Gribkov ya bayyana batun ƙananan makaman a wani taro a Habana.

Layin gaggawa

Ranar 20 ga Yunin 1963 ƙasashen biyu suka sa hannu a Janiba kan kafa layin sadarwa kai tsaye, ya fara aiki 30 ga Agusta. Jan tarhon da mutane ke zato babu shi. Na’urar buga saƙo ce, an kuma zaɓi rubutu da gangan, don magana ta baki na iya zuwa da fushi ko kuskuren tafinta. Wayar ta bi ta Landan, Kopenhagen, Stockholm da Helsinki, da layin rediyo na ko-ta-kwana ta Tanja a Maroko. Kowane ɓangare na rubutu da harshensa, mai karɓa ya fassara, ana kuma gwada layin kowace awa. Wayar ta sha tsinkewa, har wani manomi a Finland ya taɓa yanke ta da garma, abin da ya sa daga baya aka koma tauraron ɗan’adam. A watan Agustan 1963 ɗin aka sa hannu a Mosko kan haramta gwajin nukiliya a iska, da sararin samaniya, da cikin ruwa. Layin kuwa an fara amfani da shi a rikici na gaske a watan Yunin 1967, lokacin yaƙin kwana shida na Gabas ta Tsakiya, tsakanin firaministan Sobiyet Alexei Kosygin da shugaban Amurka Lyndon Johnson.