Sate kambing, tsiren Indonesiya: da gaske yana tada hawan jini?

Wai menene sate kambing ɗin nan?

Tsire ne na mutanen Indonesiya da Malesiya, naman akuya ko na rago ake yankawa ƙanana a soke a tsinke a gasa kan gawayi. A garin Tegal dake tsibirin Java ƴan awaki suke yankawa waɗanda basu wuce wata biyar ba saboda laushi, a Solo kuma akwai sate buntel, dakakken nama ne da ake naɗewa da kitse kafin a gasa.

Jiki yana ƙaruwa dashi kuwa?

Sosai ma. Gram 100 na gasasshen naman akuya yana da furotin kusan gram 27, kitse kuwa wajen gram 3 ne kacal, ga sinadarin ayan mai ƙara jini. Na rago dai yafi maiƙo nesa ba kusa ba.

To maganar hawan jinin fa?

Can ƙasar magana ce da ta yaɗu, musamman da babbar sallah, kowa cewa yake kaci akuya jininka ya hau. Amma ni a ganina akuyar ake ɗorawa laifin da ba nata ba, duba abinda ake haɗawa da ita mana, kecap manis, wata baƙar miya ce mai kauri ta waken suya wadda gishiri da sukari suka yi mata yawa, ana shafa ta wajen gashi sannan a sake kwarara ta a faranti da yankakkiyar albasa da barkono da tumatir, ga guntun kitse da ake sokawa tsakanin yanka da yanka, ga shinkafa a gefe. Hukumar lafiya ta duniya, WHO, cewa tayi gishirin babban mutum kar ya kai gram 5 a rana, miyar nan kaɗai ta ci kaso mai yawa. Mai hawan jini ko ciwon suga ya rage miyar, ya zare kitsen.

Wurin da ya ƙone yayi baƙi, a ci ko a bari?

A kankare shi. In kitse na ɗiga kan garwashi hayaƙin yana komawa ya manne a naman da sinadarai da ake dangantawa da ciwon daji. A 2015 ma hukumar binciken ciwon daji ta WHO ta saka jan nama cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo shi, yawan ci kullum kenan, ba tsinke biyar na ranar biki ba.

Na hanta da kayan ciki fa?

Mai ciwon gaɓoɓin nan na gawut ya haƙura dasu, mai juna biyu ma ta bar hantar saboda bitamin A ɗinta yayi yawa, kuma naman ya gasu har ciki.