Me ake nufi da "durƙushewar kamfani"?

Tun da annobar korona ta ɓulla, kalmar durƙushewa ta samu gindin zama a bakin masu karanta labarai da 'yan siyasa. Kamfanonin jiragen sama sun durƙushe, otal-otal sun durƙushe, yawon buɗe ido ya durƙushe. Abin da ke damuna shi ne yadda ake cusa abubuwa mabambanta a cikin wannan kalma ɗaya, mai sauraro ya tashi yana zaton duk an rufe su.

Wani lokacin abin da ake nufi kawai ciniki ya faɗi. Hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ICAO, ta ce fasinjoji sun ragu daga biliyan 4.5 a 2019 zuwa biliyan 1.8 a 2020, kuɗin shiga kuma ya ragu da kusan dala biliyan 370. Wannan kuɗi ne da bai shigo ba. Ainihin asarar, wadda ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ƙididdige, ta kai kimanin dala biliyan 138, domin jirgin da ke ajiye ba ya shan mai, ga shi kuma dakon kaya ya yi tsada a shekarar. Dukkansu alƙaluma ne masu tayar da hankali, amma kowanne da abin da yake aunawa.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne batun kotu. A watan Mayun 2020, LATAM, kamfanin jiragen sama mafi girma a Latin Amurka, ya garzaya wata kotu a New York yana neman kariya a ƙarƙashin Babi na 11 na dokar fatarar kuɗi ta Amurka. Haka kamfanin jiragen sama na Avianca na Kolombiya da Hertz mai ba da hayar motoci suka yi a watan. Nan take aka ce sun durƙushe. To, me wannan babin yake yi? Yana ɗaure hannun masu bin bashi, kar kowa ya taɓa kadarar kamfanin, shugabanninsa kuma su ci gaba da tafiyar da shi. A cikin wannan inuwar ne ake mayar da jiragen haya da ba a buƙata, a sake ciniki kan basussuka, a sallami ma'aikata. LATAM bai daina tashi ba, ya kuma fita daga hannun kotu a Nuwamban 2022. Hertz tun a tsakiyar 2021 ya fita.

Wannan durƙuso ne irin na raƙumi: ya kai gwiwa ƙasa ne don a sauke masa kaya, da an sauke sai ya miƙe. Hausa ma ta bambance su. Wanda ya durƙusa da niyyarsa ya yi, wanda ya durƙushe kuwa ƙarfi ne ya ƙare masa. Kamfanin Flybe na Birtaniya shi ne ya durƙushe da gaske a Maris ɗin 2020, dare ɗaya jiragensa suka tsaya cak, kodayake dama yana jinya tun kafin annobar. Lufthansa kuwa, kamfanin jiragen sama na Jamus, ko kotun bai je ba, gwamnatin Jamus ta tanadar masa tallafin yuro biliyan 9, ta karɓi kashi 20 cikin 100 na hannun jarinsa, daga baya ta sayar ta ci riba.

Ba na ƙin dokar. Gara a ceci kamfani da a bar shi ya mutu da ayyukan mutane. Amma kayan da aka sauke wa raƙumin, a kan wa suka faɗa? A kan ma'aikaciyar jirgi da aka miƙa wa takardar sallama, da mai wankin zannuwan otal da aka bar shi da injuna ba aiki, da direban da ke kwana a ƙofar filin jirgi yana jiran baƙi. Su babu Babi na 11 da zai hana mai gidan haya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Idan aka kira babban kamfani durƙusasshe, duk tausayin sai ya koma kansa, tallafin ma ya bi tausayin. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa sa'o'in aikin da suka salwanta a 2020 daidai suke da ayyukan mutum miliyan 255 masu cikakken aiki, kuma ɓangaren masauki da gidajen cin abinci ne ya fi kowane jin jiki.