Giris ba ya warkar da shaf ɗin da ya fara ƙara

An daɗe ana cewa in mota ta fara "ƙas-ƙas-ƙas" a kwana, giris ne ya ƙare a kan shaf, wato mahaɗar da ke ƙarshen sandar ƙarfen da ke juya taya, a ɗura sabo kawai. Ina! Lokacin giris ya riga ya wuce.

A cikin kan shaf na wajen taya akwai ƙwallayen ƙarfe, galibi guda 6, kowanne yana gudu cikin kwarinsa. Roba ce ke rufe su. Da ta yage, juyawar taya sai ta watsar da giris ɗin, yashi da ruwa su shiga su yi ta cin ƙarfen. Ƙarar nan ƙwallayen ne ke faɗawa ramukan da suka ci. Sabon giris zai danne ta na ɗan lokaci, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya zaizaye. Sai dai a canza kan shaf ɗin ko shaf ɗin ɗungurungum, kafin ya karye mota ta ƙi motsi a tsakiyar titi.

Inda giris ke da rana shi ne ka leƙa bayan taya ka ga baƙin maiƙo ya fantsama, roba ta tsage, amma babu ƙara tukuna. Nan sai ka kwance kan shaf ɗin, ka wanke tas, ka sa giris mai molibdenum, sinadarin da ke rage gogayyar ƙarfe, da sabuwar roba. Kada dai ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu a miƙaƙƙiyar hanya kuwa, yawanci boris ɗin taya ne, wato zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, shaf ba ruwansa.